Rigar Ceto ta Soso da Mai Hura Iska: Wacce Ta Dace da Wasan Ruwa?

Assalamu alaikum, Malam. Tambayarka ita ce: kai magidanci ne mai faɗin ƙirji, kuna zuwa Tafkin Jabi da ke Abuja da abokai a ƙarshen mako domin hawan babur ɗin ruwa, wani lokaci kuma ku shiga kwalekwale, kuma iyonka bai yi ƙarfi ba. Ka ga riguna iri biyu a shago, ɗaya mai kauri da aka cusa wa soso, ɗaya kuma siririya mai hura kanta da iska, kana son sanin wacce za ka saya. Amsata ita ce ka sayi ta soso, kuma ga dalilan.

Bambancin farko yana cikin yadda kowacce take aiki. Rigar soso tana ɗaga mutum ne tun daga lokacin da ya taɓa ruwa, ba tare da ya ja wani abu ko ya tuna wani abu ba, domin soson da ke cikinta ba ya shan ruwa. Ita kuwa mai hura iska, jaka ce da aka naɗe, haɗe da ƙaramar tukunyar iskar gas, yawanci mai giram 33 a rigar manya, kuma sai an huda tukunyar nan kafin rigar ta kumbura. Akwai wadda sai ka ja igiya da hannunka, akwai kuma wadda ke da wani ɗan ƙulli da yake narkewa idan ya jiƙa, ya saki allurar da za ta huda tukunyar. Yanzu ka kwatanta wannan da halin wanda babur ɗin ruwa ya watsar yana cikin gudu: ya bugi ruwa da ƙarfi, numfashinsa ya ɗauke, wataƙila ma ya gigice. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai nemo igiya ba. Wadda ke hura kanta kuma tana iya tashi tun kana kan babur saboda yawan jiƙewa, kuma duk lokacin da ta tashi sai an sauya tukunyar kafin ta sake amfani. Wannan ne ya sa hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka ba ta amince da masu hura iska ba ga masu hawan babur ɗin ruwa, ko waɗanda jirgi ke ja da igiya, kuma ba a ba da shawararsu ga wanda bai iya iyo ba.

Ba wai mai hura iska ba ta da daraja ba. Ba ta da nauyi, ba ta riƙe zafi, kuma idan ta kumbura ƙarfin ɗagawarta ya fi na yawancin rigunan soso. Ga mai kamun kifi ko mai tuƙa jirgi da zai yini a kan ruwa ba tare da niyyar faɗawa ciki ba, ta dace ƙwarai. Amma wasan da kake yi wasa ne da faɗuwa take cikinsa.

To, ko a cikin rigunan soso akwai zaɓi, kuma a nan ne nake so ka natsu. Ka duba cikin rigar, za ka ga lamba tare da harafin N, wato ma'aunin ƙarfin ɗagawa, bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta rigunan ceto, ISO 12402. Matakan huɗu ne: 50, 100, 150 da 275, kuma kowane 10 daidai yake da ɗaga kusan kilo 1 a cikin ruwa. Mai lamba 50 mataimakiyar iyo ce kawai, an yi ta ne domin wanda ya iya ruwa kuma yake kusa da gaɓa ko kusa da masu ceto, kuma ba za ta juya mutumin da ya suma fuskarsa ta kalli sama ba. Ita ce masu wasan ruwa suka fi so saboda tana sakin hannuwa. Mai lamba 100 tana da abin wuya da ke tallafe ƙeya, an kuma yi ta ne domin ruwa mai natsuwa irin na tafki da madatsa. Na 150 da 275 na teku ne da masu aiki cikin kaya masu nauyi. Tun da ka faɗa da bakinka cewa iyonka bai nuna ba, ina ganin mai lamba 100 ta fi maka, ko da za ta ɗan takura ka. Akwai kuma wasu riguna sirara masu kyan gani da aka ɗinka domin rage zafin bugun ruwa ga 'yan gasa. Idan ba ka ga lambar ƙa'ida a jikinsu ba, kada ka ɗauke su a matsayin rigar ceto.

Game da yadin waje, akwai na nailan da na roba mai laushi da ake kira niyofirin. Na robar ya fi kama jiki da daɗin sawa, amma ya fi tsada da riƙe zafi. A zafin ranar Abuja na watan Maris da Afrilu, nailan ya fi sauƙi, ya kuma fi saurin bushewa.

Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne rigar ta zama daidai da jikinka. Girman rigar manya da faɗin ƙirji ake auna shi, don haka ka sa tela ya auna ka da tef a ƙasan hammata kafin ka je shago, ka kuma duba nauyin da aka rubuta a jikinta. Maza masu tumbi su ne suka fi fuskantar matsala, domin rigar tana zamewa sama ta rufe fuska da zarar an shiga ruwa. Ka sa ta, ka ja zif, ka ɗaure maɗauran tun daga na ƙasa zuwa sama, sannan ka ɗaga hannuwa wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama da ƙarfi. Idan ta haura haɓarka ko ta kai kunnuwa, ta yi maka yawa. Don babur ɗin ruwa ka nemi mai maɗauri uku ko huɗu, kuma idan tana da igiyar da ke ratsawa tsakanin cinyoyi, wannan ya fi. Ka zaɓi launi mai haske, ruwan lemo ko ɗorawa, ka maƙala usur. Kada kuma ka ɗora ta a kan kaftani ko jamfa mai nauyi, domin tufafin da ya jiƙa yana ɗaure ƙafafu da hannuwa.

Ina nanata maganar nan ne saboda abin da muka gani a ƙasarmu. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a hatsarin jirgin ruwa a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki, Allah ya jiƙansu. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ta daɗe tana cewa kada a ɗauki fasinjan da bai sa rigar ceto ba. Rigar haya da ake miƙa wa kowa a bakin ruwa ta fi babu, amma sau da yawa rana ta cinye ta, ko an mayar da ita matashin zama har soson ya lotse. Idan ka sayi taka, ka riƙa ɗauraye ta da ruwa mai tsabta, ka shanya ta a inuwa, kuma kafin ka hau babur da ita ka gwada ta a wurin ninƙaya mara zurfi, da wani a gefenka, ka saki jiki ka ga ko bakinka da hancinka suna saman ruwa.