Yadda ake sa wa sabon faifan fim farashi a Amurka

Yaya, ina gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ka tambaye ni ko sana'ar faifan fim tana da riba a nan Amurka, kai da ka san ta ciki da waje tun zamanin Ƙofar Wambai. Ga abin da idona ya gane mini.

Ranar Talata aka saba sakin sababbin fina-finai a faifai, kuma kantuna rana ɗaya suke fito da su. Kamfanin fim ne ke yanka farashin da yake so a sayar, sau da yawa dala 29.99 ga DVD, faifan Blu-ray da na 4K, masu hoto mafi kyau, kuwa sun ɗara haka. Sai dai da wuya ka ga wanda ya biya wannan kuɗi a makon farko. Manyan kantuna irin su Walmart da Target sun daɗe da sabawa da karya farashi, faifai ya dawo ƙasa da dala 20, wani lokaci daidai da kuɗin sari, wani lokaci ma uwar kuɗi ba ta fita. Da gangan suke yin haka. Wanda ya shigo neman fim ba ya fita da fim kaɗai, sai ya haɗa da sabulu, da madara, da takalmin yaro, kuma a waɗannan ne ribar take. Faifan tarko ne kawai.

Abin da ke ci mini rai shi ne halin ƙaramin ɗan kasuwa. Shi ta hannun dillali yake sari, kaɗan yake ɗauka, don haka yakan saro da tsada fiye da yadda babban kanti ke sayar wa jama'a. In ya sa farashin gaskiya a ce ya cika tsada, in ya bi sahunsu ya karye. Ba shi da sabulun da zai rufe asara. Shagunan da suka tsira sun koma sayar da faifan hannu, domin can ne ake saye da arha a sayar da riba mai kauri.

Bayan mako guda farashi yakan ɗan hau, sannan ya yi ta sauka da watanni, har faifan ya ƙare a kwandon dala 5 na Walmart. Babu tayi, babu "albarka". Abin da aka liƙa shi za ka biya, kuma a yawancin jihohi sai a ƙara haraji a wurin biyan kuɗi.

Kasuwar ma tana janyewa. Netflix ya daina aika faifai ta gidan waya a Satumbar 2023, Best Buy ya kwashe faifai daga kantunansa a 2024, injinan haya na Redbox ma a shekarar suka rufe. Abin da tura fim a waya ya yi wa 'yan kasuwar Kano, shi kallo ta intanet ya yi wa na nan.

Maganar in aiko maka da kaya kuwa, ban ba ka shawara ba. DVD na nan an kulle shi da lambar yanki ta 1, Najeriya kuwa tana yanki na 5, don haka sai na'urar da ke karanta kowane yanki. Ga kuɗin aike, ga canjin dala.