Testcontainers da PostgreSQL: ya cancanci wahalar da ke tattare da shi?

Masu rubuta manhajar yanar gizo da yawa suna ɗora ta a kan rumbun bayanai na PostgreSQL, amma idan za su yi gwaji na atomatik sai su juya ga ƙaramin rumbun SQLite na cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta saboda sauri. Testcontainers, kayan aiki mai tayar da rumbu na gaske don gwaji, magani ne ga wannan ɗabi'a. Richard North ne ya fara shi a 2015 don Java, yanzu akwai na Python, Go, Node.js da .NET, kuma kyauta ne. Kamfanin Docker ya sayi AtomicJar, masu kula da shi, a ƙarshen 2023.

Aikinsa ba shi da sarƙaƙiya. Kafin gwaji ya fara, yana tayar da PostgreSQL na gaske a cikin kwantenar Docker (keɓaɓɓen wuri a kwamfuta da manhaja ke gudana ita kaɗai), ya haɗa tasharsa ta 5432 da wata tashar da ba kowa a kai, ya miƙa wa manhajarka adireshin. In an gama, wata ƙaramar kwantena mai suna Ryuk ta share komai, ko da gwajin ya mutu a tsakiya. A Python, PostgresContainer("postgres:16") da get_connection_url() sun isa a fara.

Me ya sa SQLite bai wadatar ba? Ba ya kula da tsawon VARCHAR: ka ce haruffa 20, ka zuba 200, zai karɓa shiru, sai ranar da manhaja ta hau sabar PostgreSQL ya ƙi. Django, tsarin gina manhajar yanar gizo da Python, yana yin watsi da select_for_update, umarnin kulle layin bayanai, a kan SQLite, don haka gwajin mutum biyu da suka ciri kuɗi daga asusu ɗaya a lokaci guda zai wuce ba tare da ya gwada kulle ba. Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye: LIKE da lower() na SQLite haruffan ASCII kaɗai suka sani, ba su ɗauki Ƙ da ƙ harafi ɗaya ba. Binciken "ƙaura" ba zai kawo "Ƙaura" ba, alhali PostgreSQL mai saitin yare irin en_US.UTF-8 zai kawo idan an yi amfani da ILIKE ko lower().

Wurin saiti ne ake yawan tuntuɓe. Rubuta lambar sigar PostgreSQL da ke kan sabar ɗinka, kada ka sa latest. Ka yi hattara da samfurin kwantenar PostgreSQL mai suna alpine, domin musl, tarin lambobin tushe da yake amfani da shi, ba ya jera kalmomi kamar glibc na samfurin da aka saba, sai ORDER BY ya ba da wani jeri dabam. Kwantena ɗaya za a tayar wa dukan zaman gwaji (a pytest, scope="session"), ba ɗaya ga kowane gwaji ba, in ba haka ba daƙiƙun tashi za su taru su zama mintuna. Tunda bayanan na zubarwa ne, kashe fsync, synchronous_commit da full_page_writes, sannan ka ɗora wurin ajiyar bayanan (/var/lib/postgresql/data a postgres:16) a kan tmpfs, wato ma'ajiya ta cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Waɗannan saituna na gwaji ne kurum. A sabar ta gaske ɗaukewar wuta ɗaya na iya lalata rumbun.

Tsabtace bayanai tsakanin gwaji da gwaji ba aikin Testcontainers ba ne, naka ne, kuma wannan ne babban giɓinsa. Hanya mafi sauri ita ce kowane gwaji ya gudana cikin tiransakshin (rukunin canje-canjen da ake tabbatarwa ko warwarewa gaba ɗaya) da za a warware a ƙarshe, yadda TestCase na Django yake yi. Amma da zarar kayan gwajin shafuka irin Selenium ko Playwright ya buɗe burauza, sabar tana magana da rumbun ta wani haɗin dabam, kuma ba ta ganin abin da ba a tabbatar ba, sai shafi ya fito fanko. A nan dole a tabbatar da bayanan, a goge teburan da TRUNCATE bayan kowane gwaji. Masu gudanar da gwaji da yawa a lokaci guda su gina teburan sau ɗaya, su kwafa da CREATE DATABASE tare da TEMPLATE, kowane rukunin gwajin da ke gudana da nasa rumbun. Kwafin zai ƙi muddin akwai haɗi a buɗe da rumbun asalin.

Aibinsa a fili yake. Ba Docker ko makamancinsa, ba aiki. Saukewar kwantenar PostgreSQL ta farko ta haura megabayit 100, abin da mai sayen data zai ji a jikinsa, kuma Docker Hub, inda ake sauke ta, yana ƙayyade yawan saukewa, wanda kan tsayar da injinan gwaji masu raba adireshi ɗaya. A wuraren da aka hana Ryuk tashi, akan sa TESTCONTAINERS_RYUK_DISABLED=true, amma daga nan sharar kwantenoni ta dawo wuyanka.

Ga manhajar da ke taɓa kuɗi, JSONB (nau'in bayanan JSON na PostgreSQL) ko binciken rubutun Hausa, ina ba da shawararsa ba tare da jinkiri ba. Wanda sabar ɗinsa ma SQLite take amfani da shi, ya ci gaba da gwaji a kan SQLite.