Ranar da aka tsayar da ayari saboda hular kwanona

'Yan uwa na gida, hutun bana na tashi daga New York zuwa Punta Cana a Jamhuriyar Dominika, tafiyar kusan awa 4 a jirgi. A can na shiga wani yawon daji da ake yi da ƙananan motoci da suke kira bugi: ba ƙofa, ba gilashi, daga ƙarfe sai inji da tayoyi. Har otal ake zuwa ɗaukar mutum, a duba lasisinsa, a miƙa masa hular kwano, a jera motocin, jagora a gaba.

Ba mu yi nisa ba zafi ya ishe ni, na cire hular na ɗora a cinya. Sai yaron nan jagora ya ɗaga hannu, ayarin ya tsaya cak. Ya tako cikin taɓo har inda nake, ya nuna hular, ya nuna kaina. Na ce masa shekarata 20 ina tuƙi. Ya ce ya ji, amma ba mai motsawa sai na mayar. Kowa ya zubo mini ido. Wallahi na ji nauyi, don yaron bai wuce sa'ar ɗana ba. Can gaba motata ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe, kaina ya daki ƙarfen gefe, na ji ƙarar a jikin hular.

Mu kuwa da an ga furfura, ko an ji "ka san ko ni wane ne?", sai mai kula da doka ya ce a yi haƙuri, a wuce. Mutum nawa muka rasa a hanya saboda wannan kara?

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. An daɗe da mu a wata rumfa ana ɗanɗana mana kofi da koko don mu saya, masu hoto kuma sun bi mu kamar jela. Kogon da ake wanka a ciki cike yake da mutane. Da muka isa bakin tekun Macao, ga farin rairayi, ga Atlantika tana turo raƙuman ruwa masu ƙarfi, ban gama wanke ƙafa ba aka ce a tashi.

Wanda zai je ya sa tsofaffin kaya, ya riƙe tabarau da ƙyallen rufe hanci. Taɓo har cikin kunne. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan kuwa, irin na ruwan farko, shi ya sa da dare na kira Inna.