Shekara ɗaya da rabi ina hawan Pontiac Vibe

Ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, wata tsohuwar mota mai silinda shida nake hawa. Litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba, albashi kuwa yana nan inda yake. Sai da ta kai ina barin motar a gida in hau adaidaita sahu zuwa wajen aiki. Ƙarshe na sayar da ita, na haɗa da kwasar adashe, na shiga neman ƙaramar mota wadda za ta ɗauke ni da maiɗakina da yara uku ba tare da ta cinye kuɗin cefane ba.

Corolla zuciyata take so, kamar kowa. Amma son da ake yi mata shi ya sa dillalai ba sa sassauta kuɗinta. Na duba Yaris, bayanta ya yi mana kaɗan. Golf 3 duk wadda aka nuna mini ta riga ta gaji da lodi a tasha. Wata Peugeot 307 ta burge ni, kuɗinta ma da sauƙi, sai bakanikena ya ce shi ba ya taɓa wutarta, sai dai ya tura ni wajen wani. Wannan maganar ta tsaya mini a rai, domin motar da sai an tsallaka gari kafin a samu mai gyara ta, arharta ta ranar saye ce kawai.

Bakaniken nan nawa ne ya kawo zancen Vibe. Na ce ai Pontiac motar Amurka ce, kuma an daina yin ta tun 2010. Ya buɗe bonet ɗin wata da ke garejinsa ya ce, “Malam, duba da kyau. Wannan injin Corolla ne, riga kawai aka canza mata.” Gaskiyarsa. Kamfanin General Motors da Toyota ne suka haɗa hannu suka yi ta a masana'antarsu da ke Fremont a jihar Kalifoniya, kuma 'yar'uwar Toyota Matrix ce uwa ɗaya uba ɗaya. Injinta mai lita 1.8, wanda ake kira 1ZZ, shi ne a Corolla ta waɗannan shekarun. Sarƙa ce ke riƙe da taimin ɗinsa ba bel ba, saboda haka babu fargabar tsinkewar bel ɗin taimin a tsakiyar hanya. Ta 2005 na saya, otomatik, mai ja da gaba, 'yar Kwatano.

Ranar da muka je gani mun fi awa biyu a kanta. Bakanike ya ce a bar ta ta huce kafin a tayar, don injin da ya ɗumama yana ɓoye aibinsa. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta da tocila yana neman tsatsa, saboda motocin da suka fito daga garuruwan ƙanƙara gishirin da ake zubawa a titi yana cin ƙasansu. Ya bi jikin ƙofofi da ɗan maganaɗisu, inda bai kama ba ya san an yi cike. Ya zaro sandar man giya ya shinshina. Ni kuma na zauna da takardar kwastam ina gwada lambar shasi, harafi da lamba 17, ɗaya bayan ɗaya da wadda ke ƙasan gilashin gaba. Kada kowa ya yi wasa da wannan. A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma mota marar cikakken duti a hanya ake raba mutum da ita.

Duk da haka abu ɗaya ya wuce mu. Bayan mako biyu na ji ƙarar salansa ta yi kauri, hayaƙin yana da wari, fitilar inji ta kama a dashbod. Da aka ɗaga ta sai ga ɗinkin walda: an fasa tukunyar salansa an kwashe abin nan mai tace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi, an mayar an rufe. Ko a ina aka yi, Allah masani, don motar ta bi hannaye da yawa kafin ta iso ni. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma kuɗin da na ware don sabbin tayoyi a nan suka tafi.

Tun daga nan kuwa sai hamdala. Tankinta lita 50 ne, kuma na sha cika shi in je Kaduna daga Kano in dawo da saura, in dai ban matsa mata ba. A cikin gari da cunkoso da esi a kunne ta fi sha, wannan ba makawa. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne kayan gyara. Fulogi, matatar mai, takalmin birki, famfon ruwa, duk ranar da na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da tsohon a hannu na fito da sabo, ba a taɓa ce mini in dawo jibi ba. Sai dai kayan jiki labarinsu daban: fitilar gaba da bamba nata ne na kanta, na Matrix ba sa hawa. Da mai babur ya fasa mini fitilar dama sai da na yi kwana huɗu ina cigiya.

Bayanta ne ya sace zuciyar maiɗakina. Kujerun baya suna kwanciya shafe, kuma daɓen but ɗin roba ce mai tauri ba kafet ba. Mun ɗauko buhun masara biyu da jarkar manja daga ƙauye, manjan ya ɗiga, tsumma da ruwan omo suka gama magana. Gilashin baya yana buɗewa shi kaɗai, sai ka jefa leda ba sai ka ɗaga ƙofar duka ba. Tana da ɗan tsayi daga ƙasa, shi ya sa lungunmu da ke cika da ruwa da damina bai taɓa tsare ni ba.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mota ce da ta kai shekara ashirin a duniya. A babbar hanya ƙarar taya da iska na shigowa ciki, giyarta huɗu ce, kuma in an cika ta da mutane da kaya sai ka yi lissafi kafin ka wuce tirela. Robar bayan ma tana sa kaya su riƙa zamewa a kwana. Na canza shokoba na gaba sau ɗaya, laifin ramukan hanya. Ina duba baƙin mai duk safiyar Asabar, kuma na hana a cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, ko a haɗa fanka kai tsaye, duk da yaran gareji sun so.

Ƙanena ya ce irinta yake so, har an nuna masa wata mai ja da ƙafa huɗu. Na ce ya bar ta, ta fi shan mai kuma kayan ƙasanta sun fi yawa. Na faɗa masa ya ajiye wani abu daga kuɗin don gyaran watan farko, kuma Asabar mai zuwa ni da bakanike za mu raka shi, salansa za mu fara dubawa.