Smith & Wesson 642: libarba mai aminci, amma saitinta ba ya gyaruwa da sukudireba

Wani ƙorafi da ake yawan ji a kan Smith & Wesson 642 shi ne a saita tsakiyar takarda, harsashi ya faɗa ƙasa, ko ƙasa ta hagu. Mai bindiga ya juya ta yana neman sukurun da zai murɗa ya gyara, ya tarar babu. Tsinin saiti na gaba haɗe yake da bututu, tsagar baya kuwa kwari ne aka fafe a saman jikin bindigar. Haka aka ƙera ta da gangan, don kada wani abu ya maƙale a tufa ko ya goce in ta bugu. Tsarin yana da kyau, amma duk mai saye ya san abin da zai biyo baya.

Libarba ce mai cin harsashi 5 na .38 Special, tana ɗaukar +P, wato irinsa mai ƙarin ƙarfi. Bututunta inci 1.875 ne, jikinta alminiyam, silinda (gangar da ke juyawa, mai ramukan harsashi) da bututu na ƙarfen da ba ya tsatsa, nauyinta bai kai rabin kilo ba. Gudumarta a rufe take, irin fasalin Centennial da kamfanin ya fito da shi a 1952, don haka ba a ɗana ta da babban yatsa. Kowane harbi sai an ja kunama tun daga farko har ƙarshe, kuma nauyin jan yakan kai kilo 5 ko fiye. Ka ga kenan yatsa yana matsa ƙarfin da ya ninka nauyin bindigar fiye da sau goma. Mafi yawan kuskure daga nan yake tasowa.

Saboda haka kafin a ɗora wa bindigar laifi, a fara tabbatar ba laifin hannun mai harbi ba ne. A filin harbi, ka zauna ka ɗora wuyan hannunka a kan jakar yashi. Kada bututu ko jikin bindigar ya taɓa jakar, domin hakan yana canza yadda take ɗagawa, kuma iskar wuta da ke fita tsakanin silinda da bututu tana ƙona jakar. Ka harba biyar-biyar sau uku a yadi 7, sannan a yadi 15, da harsashi iri ɗaya. In ramukan sun watse, ba ka da hujja tukuna. Sai sun taru wuri guda, ko da nesa da tsakiya, za a yi maganar saiti. Akwai gwaji mai tona asiri: ka sa harsasai uku da kwanso biyu da aka riga aka harba, ka juya silinda ba tare da ka duba ba, ka rufe a hankali. In kunama ta faɗa kan kwanson da babu komai ka ga bakin bindiga ya duƙa, to kai ne kake tarar dukan kafin ya zo. Badame da ke yin haka yakan jefa ƙasa ta hagu, bahago ƙasa ta dama. A wannan bindiga gaɓar farko ta yatsa ce ya kamata ta hau kunama, ba tsokar kan yatsa ba, don a ja ta miƙe zuwa baya.

In hannu ya fita, sai nauyin ƙwayar harsashi, kuma a nan ne 642 take rikita mutane. An daɗe ana daidaita saitin libarbobin .38 da ƙwaya mai giren 158 (giren ma'aunin nauyin ƙwaya ne), wato kusan giram 10. Bindiga tana fara ɗaga baki tun ƙwaya na cikin bututu. Ƙwaya mai nauyi tana tafiya a hankali, ta ɗan daɗe a ciki, ta fita bayan baki ya ɗaga, sai ta sauka sama. Mai giren 110 ko 125 tana fita da wuri, sai ta sauka ƙasa, wani lokaci da inci biyu ko uku a yadi 15. Mutane da yawa suna zaton mai gudu ce za ta hau sama, alhali a gajeren zango akasin haka ne. Harsashin gasa mai shafaffen kai na giren 148 yakan faɗa kusa da inda aka saita, kuma dukansa da sauƙi. Harsashin Speer Gold Dot mai giren 135, wanda aka yi musamman don gajeren bututu, ya cancanci gwaji. Kowace bindiga da halinta, sai ka gwada iri uku ko huɗu a taka kafin ka tsayar da ɗaya. Mariƙi ma yana da hannu a ciki: ɗan guntun roba da take zuwa da shi ba ya ba ƙaramin yatsa wuri, kuma in ka sa mai tsawo wurin saukar harsashi zai iya motsawa. Ka zaɓi mariƙi tukuna, sannan ka auna.

Idan da harsashin da ka zaɓa har yanzu tana jefawa ƙasa, ana rage tsinin gaba da magagari mai laushi. Lissafin shi ne girman kuskure sau tazarar saitin gaba da na baya, a raba da nisan takarda, duka da inci. Tazarar a 642 kusan inci 3.5 ce, amma ka auna taka. Kuskuren inci 3 a yadi 15, wato inci 540, ya ba da inci 0.019, kusan rabin milimita. Ɗan wannan kaɗai! A tabbatar babu harsashi a ciki, a naɗe bututu da tef, a goga sau biyu ko uku a miƙe, a koma a harba. Abin da magagari ya ci ba ya dawowa. In kuwa sama take jefawa, tsinin ne ya yi gajarta, kuma babu abin da za a goga. Sai ƙwaya marar nauyi, ko maƙerin bindiga ya yanke tsinin ya dasa wani. Wannan shi ne babban aibin 642 a wurina.

Kaucewa hagu ko dama ta fi wuyar sha'ani, domin sauya harsashi ba kasafai yake maganinta ba. Ka duba bindigar daga baya, babu komai a cikinta, a wuri mai haske. Bututu murɗa shi ake yi a cikin jiki, kuma akan samu wanda ya zarce ko bai kai ba, sai tsinin ya karkata. In ya karkata dama harsashi zai tafi hagu, in hagu zai tafi dama. Gyaran shi ne a ɗan juya bututun, amma da mazubi na musamman da ke rungume jikin bindigar. Alminiyam ɗin da ke ƙarƙashin zaren bututu siriri ne ƙwarai, kuma masu zura ƙotar guduma ta tagar silinda su murɗa sukan lanƙwasa jikin ko su tsaga shi. Wannan aikin kamfani ne ko ƙwararren maƙeri. A duba kuma leɓen bakin bututu ko ya sami rauni, a wanke dalmar da ta taru a ciki. In ɗaya daga cikin biyar kullum tana warewa, a sa alama a ramukan silinda a gano ko rami ɗaya ne mai laifi.

Hasken rana ma yana yaudara. Tsinin 642 fari ne mai ƙyalli a cikin tsaga fara, kuma in haske ya bugo ta gefe, harbi yakan kauce gefe. A baƙanta tsagar baya da alƙalamin maka, a shafa wa tsinin farin fenti sannan fenti mai launin ruwan lemo a kai. Wannan ɗan aiki yana rage matsalar sosai.

Ta wajen aminci, sauƙin ɗauka da samun kayan gyara, 642 ta cancanci sunan da ta yi, kuma ina ba da shawarar ta ga wanda doka ta ba izini kuma zai ba ta lokacin atisaye. Wanda idonsa ya fara rauni, ko yake son sauya harsashi yadda ya ga dama, gara ya dubi Ruger LCR, wadda tsininta na gaba da fil aka kafa shi ana iya canzawa, ko 642 samfurin Ultimate Carry na 2024 mai saitin baya da ake iya turawa gefe. In dai 642 ta asali za ka ɗauka, ka duba miƙewar tsinin da idonka tun a kanti, kafin ka biya kuɗi.