eTrex 22x, GPSMAP 65 ko wayar hannu: wanne ya fi dacewa da awon gonaki?

Salamu alaikum Malam, na ga tambayarka tun jiya da daddare amma sai yanzu na samu zama. In na fahimce ka daidai, ƙungiyarku ta manoman shinkafa a wajen Haɗeja kuna so ku auna gonakin mambobi ku san hekta nawa kowa yake da ita, ku kuma yi wa rijiyoyin burtsatse alama, mai shago ya nuna maka na'urorin GPS na hannu guda biyu na kamfanin Garmin wato eTrex 22x da GPSMAP 65, wani kuma ya ce maka ɓarnar kuɗi ne waya ma ta isa, sannan kana tambayar wace manhajar taswira ce za ta karɓi abin da kuka auno. Toh na yi aiki da duka ukun a gona, bari in faɗa maka yadda na gan su.

Da farko dai dukkansu abu ɗaya suke saurara, taurarin ɗan'adam da ke can sama wajen kilomita 20,200, kuma na'ura tana bukatar ta kama aƙalla guda 4 kafin ta san inda kake tsaye. Ba sa bukatar sabis ba sa bukatar data, ko a tsakiyar daji kake za su yi aiki, har ita wayar ma. GPS sunan na Amurka ne, Rasha na da GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou. eTrex 22x tana kama GPS da GLONASS kawai, ita kuwa 65 tana ƙarawa da Galileo da wasu, kuma babban abin da ya sa ta fi tsada shi ne tana sauraron siginal a kan layi biyu lokaci guda, L1 da L5, wanda hakan ke rage mata ruɗewa idan siginal ya bugi gini ko ganyen bishiya ya dawo. A fili fetal irin fadama inda ba abin da ya tare maka sama wlh bambancin ba shi da yawa, 22x za ta riƙa nuna maka kuskuren mita 3 zuwa 5, 65 kan sauko ƙasa da haka. Inda za ka ga bambanci shi ne ƙarƙashin inuwa. Akwai wani lambu da muka auna wanda iyakarsa ta gabas duk mangwaro ne a jere, ina riƙe da eTrex ina kallon lambar kuskure tana hawa daga 3 zuwa 7 zuwa 9 da na shiga inuwar, da muka ɗora layin a kwamfuta sai ga shi ya yi zigizaga kamar tafiyar maciji a daidai wajen, abokin aikina da ke bayana da 65 nasa layin ya fito kusan a miƙe. Gonakinku na shinkafa ne, ba na jin za ku haɗu da wannan sosai.

Sai maganar batir, wadda a wajena ita ce ta fi komai muhimmanci ga wanda zai kwana uku a ƙauyen da ba wuta. Su biyun duk batir AA guda biyu suke ci, irin na tocila ƙarama ko rimot. Kamfanin ya rubuta awa 25 ga eTrex 22x, awa 16 ga GPSMAP 65, ka ga a nan ƙaramar ta ci babbar. Amma don Allah kar ku sa musu batirin nan mai arha na teburin mai shayi, kafin azahar zai mutu, ku nemi batirin alkaline mai kyau ko kuma ku sayi masu caji guda takwas da cajarsu, sannan ka shiga saitin ka gaya wa na'urar wane irin batir ka sa mata don in ba haka ba alamar batirin za ta riƙa yi maka ƙarya. Akwai GPSMAP 67 da ta fito 2023 mai batir a ciki da ake cajawa da USB-C, an rubuta mata awa 180, abu ne mai kyau amma kuɗinta lokacin da ta fito dala 500 ne, ita kuwa 22x dala 200, kuɗin 67 ɗaya zai saya muku eTrex biyu har da canji, kuma mutum biyu suna awo lokaci ɗaya ya fi muku amfani a kan na'ura ɗaya mai kyau da ake jira a layi.

Riƙo a hannu kuma: eTrex ƙarama ce, sikirin inci 2.2, nauyinta wajen giram 142, tana shiga aljihun gaba na riga, da wani ɗan sanda ƙarami ake juya ta da babban yatsa. 65 ta fi girma, inci 2.6, giram 217, da eriya a tsaye a kanta kamar oba-oba, kuma madannanta a gaba suke kowanne da aikinsa, akwai wanda aka rubuta MARK danna ɗaya ka ajiye wuri. In dattijo ne zai riƙe ko wanda bai saba da na'ura ba 65 ta fi sauƙin koya, wannan gaskiya ne. Dukkansu ruwa ba ya shigarsu in sun faɗa kwalbati ko ruwan sama ya same ku. Abu ɗaya da za ka kiyaye, wayar da ake haɗa su da kwamfuta tsohuwar mini USB ce mai kauri, ba irin ta Android ba, kar ka bar shagon sai an ba ka ita, in ta ɓata sai ka sha yawo a kasuwa kafin ka samu.

Yanzu waya. Wanda ya ce maka waya ta isa bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Tun 2018 da Xiaomi Mi 8 ta fito aka fara samun wayoyi masu kama L5 ɗin nan, kuma za ka iya sauke GPSTest ka duba ko taka tana kamawa. Manhajoji irin su SW Maps da QField da KoboCollect suna zana iyakar gona, har ma su fi Garmin a abu guda: kana tsaye a gonar za ka rubuta sunan mai ita, ka ɗauki hotonsa, ka cike fom, komai ya tafi tare. Matsalar ita ce rana. A watan Afrilu ƙarfe sha biyu waya za ta yi zafi ta rage hasken sikirin da kanta ka koma kana kare ta da hula kana ƙifta ido, batir kuma yana zuba kamar an huda tulu, ga kira yana shigowa ana tsakiyar awo, wasu wayoyin ma da sikirin ya mutu sai su daina bin sawu don tattalin batir, ka zagaye gona gaba ɗaya ka tarar rabi aka ɗauka. Shi sikirin Garmin kuwa ƙara fitowa yake yi in rana ta haske shi. Sannan wayoyin mambobi kowa da irin tasa, ba za ka iya cewa awon wannan da na wancan ma'auni ɗaya ba ne, in rigima ta taso kan rabon taki wannan kaɗai ya isa ya ɓata muku taro. Abin da muke yi mu, Garmin ta auna iyaka, waya ta cike fom, lambar gona ɗaya a duka biyun.

Awon kansa ba wuya. A cikin jerin abubuwan na'urar akwai inda aka rubuta Area Calculation, ka kunna ta ka ba ta minti biyu ko uku a fili ta kama taurari sosai, ka tsaya a kusurwa ka danna farawa, ka bi kan iyaka a hankali na'urar tana gabanka ba a aljihu ba, kowace kwana ka ɗan dakata, ka dawo daidai inda ka fara ka danna lissafi, ka zaɓi hekta. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan eka biyu da rabi, ku tsayar da guda ɗaya tun farko don na ga inda rabin takarda eka ce rabi hekta. Kuma ka ajiye sawun da sunan da za ka gane, kar ka bar shi da kwanan watan da na'urar ta sa masa.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Kuskuren mita 3 a gona mai faɗin 100 da 100, ko da layin duk ya fita waje ne ta kowane ɓangare, zai ba ka 106 sau 106 wato 11,236, ƙarin kashi 12 cikin ɗari ke nan kuma wannan shi ne mafi muni, yawanci kuskuren wani gefe yana cinye na wani. Amma ɗauki fuloti mai ƙafa 50 da 100, wajen mita 15 da 30, murabba'i 450, irin wannan kuskuren zai mai da shi 21 sau 36 wato 756. Ka ga duk yadda fili ya ƙanƙance haka awon yake lalacewa. Don haka babu ɗaya cikin ukun nan da za a yanka fuloti da ita ko a raba gado ko a kafa dutsen iyaka, wannan aikin safiyo ne mai rajista da SURCON, wato hukumar da ke yi wa safiyo rajista a Najeriya, su suna da na'urorin da ke auna har santimita, kuma hukumomin filaye irin su KANGIS ta Kano da KADGIS ta Kaduna aikin safiyo suke karɓa in ana maganar takardar mallaka. Naku na sanin girman gona don lissafin iri da taki da bashi, Garmin ta wadatar.

Manhaja kuma, guda uku za ka sa a laftof kuma duk kyauta ne. BaseCamp ta Garmin ce, ta tsufa ba a cika sabunta ta ba amma tana aikinta, kana jona na'urar za ta nuna maka duk wurare da sawun da ke ciki, ka goge ɗigon da ya yi tsalle, ka gyara suna, ka fitar da fayil ɗin GPX, wato irin fayil ɗin da na'urar ke ajiye wurare da sawu a ciki. Google Earth Pro ita ce ta nuna wa mutane, tana buɗe GPX kai tsaye ta ɗora a kan hoton sama, manomi ya ga gonarsa da bishiyar da ke gefenta ya ce e nan ne, sai dai tana son intanet kuma hoton kansa yakan goce da 'yan mitoci don haka kar ka ja layinka ya bi hoto. QGIS ita ce ta aikin gaske, in gonaki sun kai ɗari biyu ko uku a nan za ka mai da layi ya zama fili rufaffe, ka haɗa da jadawalin sunayen mambobi, ta lissafa maka hektar kowa a tashi ɗaya, ka buga taswira a takarda. Tana da ɗan wuyar shiga a satin farko amma ku sa yaro ɗaya mai kan kwamfuta ya zauna mata. A waya kuma OsmAnd ko Organic Maps suna buɗe taswira ba tare da data ba in ka riga ka sauke.

Taswirar cikin na'urar ita ma a duba. Waɗannan biyun suna zuwa da taswirar TopoActive amma ta yankin da aka yi niyyar sayar da su, in daga Amurka aka shigo da ita za ka kunna ka ga Haɗeja kusan fari fat sai babban titi. Ka tambayi mai shago ko mai taswirar Afirka ce. In ba ita ba ce ba abin damuwa ba ne, duka biyun suna cin memori ƙarami, ana samun taswirar OpenStreetMap ta Najeriya da aka shirya wa Garmin, fayil ne mai ƙarewa da .img, ka buɗe folda mai suna Garmin a cikin memorin ka jefa shi ciki shi ke nan. A nan ne eTrex 10 da eTrex SE suka gaza, ba su da gurbin memori, sikirin baƙi da fari, in mai shago ya turo maka su don arha ka san abin da ka rasa, duk da SE ɗin an rubuta mata awa 168 a batir biyu.

Sai datum, wato ma'aunin da ake ɗora lambobin wuri a kansa, wanda ya taɓa jawo mana maimaita aikin kwana biyu. Tsofaffin taswirorin Najeriya a kan Minna Datum aka yi su, shi kuwa GPS da Google Earth a kan WGS 84 suke, wuri ɗaya lambobi biyu, tazarar ta kai mita gommai. Mun ari na'ura daga wani ofis ashe an saita ta a Minna, yaronmu ya riƙa kwafe lambobi daga sikirin zuwa littafi da biro, da muka shigar sai ga rijiyoyi duk sun koma cikin gonakin maƙwabta. Abin haushin shi ne da fayil ɗin ya ciro da ba abin da zai faru, don GPX kullum a WGS 84 yake ajiyewa ko me aka saita a sikirin. Saboda haka a daina kwafe da hannu, kuma ranar farko ka shiga Position Format ka tabbatar WGS 84 ne a dukkan na'urorinku. In za ku yi aiki da UTM, wato tsarin da ke ba da lambobin wuri da mita ya kuma raba duniya shiyya-shiyya, Haɗeja da Kano da Kaduna da Maraɗi da Damagaram duk shiyya ta 32 ne, Sakkwato da Birnin Kebbi 31, Maiduguri da Yola 33, a QGIS lambar da za ka zaɓa wa shiyyarku ta 32 ita ce EPSG:32632.

Ni in ni ne ku, eTrex 22x guda biyu zan saya da batura masu caji, ragowar kuɗin a biya wanda zai koya wa yaranku QGIS. 65 sai in kuna da lambuna masu duhuwa ko aikin cikin gari tsakanin gine-gine. eTrex 32x da za a iya nuna maka ita ce 22x ɗin dai da ƙarin kamfas da ma'aunin tudu, awon gona bai bukace su ba. In kuma ta hannu za ka saya, buɗe murfin baya ka duba ko tsohon batir ya taɓa zubewa ya ci ƙarfen, ka latsa robar madannan gefe ka ga ba ta tsage ba, ka fita da ita waje ka ga ta kama taurari cikin 'yan mintuna, sannan a jona ta da laftof a gabanka ka ga foldar GPX ta buɗe kafin ka miƙa kuɗi.