Ryzen 7 5800X3D da Core i7-12700K: abin da na gani da na yi aiki da su

Duk wanda ya duba bayanan waɗannan furosesa biyu (wato guntun da ke matsayin ƙwaƙwalwar kwamfuta) a takarda zai ce ai babu ma gasa. Core i7-12700K na Intel, wanda ya fito a Nuwamban 2021, yana da cibiyoyin aiki 12, takwas manya huɗu ƙanana, kuma gudunsa na kaiwa 5.0 GHz. Shi kuwa Ryzen 7 5800X3D na AMD, da ya biyo baya a Afrilun 2022, cibiyoyinsa takwas ne kacal, gudunsa bai wuce 4.5 GHz ba. Hasali ma yayansa 5800X ya fi shi gudu a rubuce, don shi yana taɓa 4.7. Na yi amfani da su duka biyun a kwamfutocin tebur, da katin hoto iri ɗaya, wajen wasanni da kuma haɗa bidiyo, kuma abin da na gani ya sha bamban da abin da lambobin ke faɗa.

A wasanni Ryzen ɗin ne ya fi kwanta mini a rai. Inda na fi ganin bambancin shi ne a Microsoft Flight Simulator, lokacin saukar jirgi a babban filin da ke cike da jirage da gine-gine. A daidai nan ne hoto kan ɗan tsaya ya ci gaba, kamar ana fizgarsa, alhali hannunka na kan linzami kana ƙoƙarin daidaita tayoyi da titin sauka. Da 5800X3D wannan fizgar ta ragu ƙwarai, saukar ta zama sumul. Intel ɗin ma ba baya ba ne, a wasu wasannin da ƙyar za ka bambance su, amma a irin wannan cunkoso yana biye ne.

Dalilin yana cikin ma'ajiyar kusa, wato ƙaramar ma'ajiya mai saurin gaske da ke cikin furosesar kanta. AMD ta ɗora ƙarin 64 MB a saman guntun, fasahar da ta kira 3D V-Cache, jimilla ta zama 96 MB, alhali ta 12700K 25 MB ce. Wasa yana ta maimaita neman bayanai iri ɗaya, kuma duk abin da ba a samu a kusa ba sai an je RAM, ma'ajiyar da ke wajen furosesar, an ɗauko. Kamar makanikin da sifanoninsa ke cikin aljihu ne da wanda sai ya taka zuwa akwati kowane lokaci: ko na biyun ya fi zafin nama, tafiyar ce ke cinye masa lokaci. Wannan ƙarin ba kyauta ya zo ba. Saboda shi aka rage ƙarfin wutar da ke shiga guntun, aka kuma rufe hanyar ƙara masa gudu da hannu, abin da 12700K ya bari a buɗe.

Da na koma haɗa bidiyo sai labari ya juya. Intel ɗin na tafiyar da layukan aiki 20 a lokaci guda, Ryzen ɗin 16, kuma fitar da bidiyo aiki ne da ke cinye duk cibiyar da ya samu. A nan babbar ma'ajiyar ba ta tsinana abin kirki. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika kula da shi ba: 12700K na ɗauke da ƙaramin sashen hoto, UHD 770, wanda fasahar Quick Sync da ke cikinsa ke taimakawa wajen buɗe bidiyon da aka adana a tsarin H.264 da HEVC. Idan na ja hoton 4K gaba da baya ina neman inda zan yanke, yana bin hannuna ba tare da jinkiri ba. Mai wannan sana'a ya lura, samfurin 12700KF ba shi da wannan sashe, haka ma 5800X3D. Ƙananan cibiyoyin huɗu kuma suna ɗauke ayyukan bayan fage, musamman a Windows 11, wadda ta fi iya raba musu aiki.

Wuta fa? Intel ɗin an rubuta masa wat 125, amma idan aiki ya yi nauyi yana iya kaiwa 190. Ryzen ɗin wat 105 aka rubuta masa. Babu wanda ke zuwa da fankarsa a kwali, kuma dukansu suna son na'urar sanyaya ta gari.

Abin da ya fi burge ni da 5800X3D shi ne mazaunin da ake dasa shi a cikin kwamfuta, AM4, wanda ake amfani da shi tun 2016. Mai tsohon babban allo (motherboard, wanda ake dasa kayan kwamfuta a kansa) irin B450 da RAM ɗin DDR4 zai iya cire tsohuwar furosesa ya sa wannan, sauran kayan su zauna yadda suke. Mai haɗa sabuwar kwamfuta daga tushe kuwa ban ba shi shawarar AM4 ba, don ba ya karɓar DDR5. Ya duba LGA1700 na Intel, mai alluna na DDR4 da na DDR5, ko AM5 inda 7800X3D ya fito a 2023. Wanda zai yi canjin a tsohon allo kuma ya sabunta BIOS, manhajar allon da ke tayar da kwamfuta, tun tsohuwar furosesar na ciki, domin in ya riga ya cire ta, allon na iya ƙin gane sabuwar, kwamfutar ta ƙi tashi.